Kore Ruwa Kullum

Shafi na 14

To, masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi na kawo, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma Hellen da kika rubuto wai Afiniki muguwar mata ce, ki karanta na yau tukuna, sannan mu yi magana ni da ke.

Wanda yau ya shigo mana, ga inda muke. Kafanchan, 1991, saura sati biyu bikin Ista. Wata bakwai ke nan da Meshak, tsohon ma'aikacin reluwe, ya yanke jiki ya faɗi a bakin tafkin kifinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa. Matarsa Afiniki tela ce, ba ta taɓa kiwon kifi ba, ita ta karɓi aikin, kifi kuma ya ƙi girma. Wan mijinta Kaleb ya ce in Ista ta zo ba a ga kifin kirki ba, zai fasa tafkin a shuka shinkafa.

* * *

Ranar Asabar da hantsi, Afiniki ta naɗe zaninta zuwa gwiwa, ta sauka gaɓa, ta sa hannu biyu ta zare katakon da ke toshe bututu. Ruwa ya fara fita ta ƙasa, shuuu, yana komawa rafi. Ta can sama kuma sabo yana shigowa.

Ruwan nan fa garau yake, kana tsaye kana ƙirga duwatsun ƙasansa. 'Yan karfasa suna ta wulgawa, kai ƙato, jiki ba nama, babban cikinsu bai fi yatsa biyu ba.

Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas!

Sandar Meshak ce. Yana kan kujerarsa a gindin mangwaro, inda take ajiye shi kowace safiya, yana dukan ƙasa da hannun hagu.

"Kore... kore..."

"Na ji, Baban Emilia. Ga shi ina korewa."

"Kore!"

"Haba maigida, hannu biyu gare ni. Bututun ne ƙarami, ba ni ba."

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ta hauro ta goge masa da bakin zani, kamar yadda take yi kullum. A jikin mangwaron, sama da kansa, ga allon da ya rubuta da farin fenti tun yana da lafiya:

KORE RUWA KULLUM
ABINCI TARA DA HUDU

Ubangiji shaida ne, ko rana ɗaya ba ta taɓa saɓa wa allon nan ba. Ko ranar Lahadi sai ta kore ruwan kafin ta tafi sujada.

"Sannunku da aiki."

Afiniki ta sandare. Shekara huɗu rabonta da muryar nan, amma ko cikin kasuwa ta ji ta za ta gane.

Kubra ce, matar Ja'afaru mai hatsi. Da can rumfarsu ɗaya a kasuwa, kwano ɗaya suke ci, Kubra ce ma ta yi mata wankan jego da ta haifi Emilia. Sai rikicin tamanin da bakwai ya zo, shagon Afiniki ya ƙone har da keken ɗinkinta. Babu hannun Kubra, babu na mijinta. Amma zuciya ta ɗebi Afiniki, ta ce mata a gaban mutane kada ta ƙara gaishe ta. Kubra kuwa ba ta ƙara ba.

Yau ga ta tsaye, gumi sharkaf, buhu a ka. A jikin buhun akwai jan zobe da harafin J a ciki, alamar da Ja'afaru ke yi wa buhunansa.

Idon Afiniki ya tsaya a kan alamar.

"Jesu! Har kin kawo na biyu?"

"Maman Emilia, bari in sauke tukuna, wuyana zai karye."

"Kada ki sauke min shi a nan! Wanda kuka sa bai ishe ku ba? Dube shi! Dubi yadda kuka mai da min miji!"

Kubra ta dire buhun a ƙasa, tim. Wari ya tashi.

"Mu? Me muka yi masa?"

"Kada ki raina min hankali, Maman Zamzam. Kwana uku da faɗuwarsa na shiga ruwan nan, na samu buhu ɗaure a jikin turke, can a kusurwa, cike da ƙazanta baƙa ƙirin. Da alamar mijinki a jiki! Ni na ciro shi da hannuna, na shanya, na cinna masa wuta. Azumin kwana uku na yi a kansa."

Kubra ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata bakwai kina kwana kina tashi da wannan a ranki? Cewa mu muka yi masa asiri?"

"To mene ne, in ba shi ba?"

"Kashin kaji ne, Afiniki!"

Afiniki ta sake duban buhun.

"Kashin kajina ne. Buɗe wannan ki gani. Duk bayan sati biyu mijinki yake zuwa gidanmu ya ɗauka, shekara uku cur. Ta ƙofar baya yake shigowa da kekensa, su zauna da Malam Ja'afaru su sha shayi, ni in cika masa buhu."

"Ƙarya ne. Baban Emilia bai taɓa ɓoye min komai ba."

"Ya ce in kin ji za ki tayar da gidan. Ya ce a bar ki ki huce, zai gaya miki da kansa. Ga shi nan a zaune, ai kunnensa bai mutu ba. Tambaye shi."

Afiniki ta juya a hankali.

Meshak yana kallon Kubra, hannunsa na hagu ya ɗaga sama. Gaisuwa yake yi. Rabin fuskarsa mai motsi yana murmushi, irin wanda Afiniki ba ta gani ba tun ranar da ya faɗi.

Kai, jama'a, abin ya soke ta. Ba asirin da ya tashi a banza ba, a'a, murmushin. Ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci a baki, amma murmushin wata ya samu.

"To me kashin kaji zai yi a ruwan kifi?" Muryarta ta sauko. "Ƙazanta fa."

Kubra ta taka zuwa gaɓa ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dafe kai.

"Ashe gaskiya aka gaya min. Jiya a kasuwa na ji matan zumuntar cocinku suna yabonki, wai ruwan tafkin Maman Emilia ko sha mutum zai iya yi. Tun da na ji na kasa cin abinci. Na ce wa Malam ko za ta kore ni da taɓarya sai na je."

"Laifi ne tsabta?"

"Yaushe kike ba su abinci?"

"Da sassafe, kafin in tafi ɗinki."

"Nawa?"

"Yadda ya rubuta mana. Tara da huɗu, sha uku ke nan. Hannu goma sha uku na dusa nake watsa musu, ban taɓa rage ko ɗaya ba."

Kubra ta dubi allon, ta dubi Afiniki. Ta yi ƙoƙari ta danne, wallahi ta yi, amma dariya ta kufce mata.

"Sha uku! Wayyo cikina. Ke da lissafin tela! Ƙarfe tara da ƙarfe huɗu yake nufi. Sau biyu a rana, kaɗan-kaɗan. Ya ce da sassafe kifi bai da ƙarfin ci, sai rana ta hau ruwa ya yi ɗumi. Ki watsa kaɗan ki tsaya ki gani, in sun cinye ki ƙara, in sun daina tasowa ki tsaya. Ke kuma kina zuba musu duka suna barci, sannan ki buɗe bututu ruwa ya tafi da shi."

"To shi me ya hana shi rubuta ƙarfe? Fentin ne ya ƙare?"

Ta faɗa da tsiwa, amma bakinta ya ɗan motsa. Saura kaɗan ita ma ta yi dariyar.

Ƙwas! Ƙwas!

"Kore... kore..."

"Kin ji ko?" in ji Afiniki. "Wannan dai ban yi kuskure ba. Dare da rana ita ce a bakinsa. In na makara da buɗe bututun ya yi ta faɗa, in na buɗe ma ya yi ta faɗa har da kuka, wai ban yi sauri ba."

Dariyar Kubra ta ɗauke ɗif.

"In kin buɗe yana kuka?"

"Kullum."

"Maman Emilia... lokacin da yake da lafiya, wane launi ruwan nan yake?"

"Ni na sani? Sau nawa na zo nan? Ce masa nake wasan yara yake yi da tsufansa. Na dai san datti ne, shar da shi kamar miyar kuka. Sati biyu na yi ina fama kafin na fitar da gansakukar nan duka."

"Gansakukar ita ce abincin."

"Me?"

"Ita ce abincinsu na gaskiya. Dusa ƙari ce kawai. Kashin kajin nan shi ke sa ruwa ya yi kore, ƙananan abubuwa su tsiro a ciki waɗanda ido ba ya gani, kifi ya wuni yana tsotsa. Har kwasar ta sama yake yi ya shanya, ya daka da dusa da tunkuza, ya ba ƙananan. Ya nuna mana a gida, ya ce in ya tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ya daina ganin tafinsa, to ruwa ya yi daidai."

Afiniki ta yi baya taku ɗaya.

"Na samu wani gari a tukunya cikin ɗakin ajiya... na ɗauka dusa ce ta yi funfuna. Na zubar."

Kubra ta matso kusa, ta rage murya.

"Ƙawata, karanta allon nan da bakin mijinki, ba da naki ba. In zai ce baƙin wando, me yake cewa?"

"Baƙi wando."

"Sabon keke fa?"

"Sabo ke..."

Ba ta ƙarasa ba.

Ita ce fa ke tsokanarsa da wannan. Shekara ashirin da biyu tana ce masa, Baban Emilia, ka girma a reluwe amma Hausarka ta ƙi barin ƙauye, ina kake kai wutsiyar magana? Shi kuma ya ce mata wanda ya ji ya gane, me ya rage?

Ta ɗaga kai ta dubi allon.

KORE RUWA KULLUM.

Koren ruwa. Kullum.

Ta durƙusa a gaban kujerar, ta laluba ƙasa, ta tsinci ɗanyen ganyen mangwaro da iska ta kaɗo. Ta ɗaga shi a gaban idonsa.

"Baban Emilia... wannan? Wannan kake ce min?"

Meshak ya rufe ido. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sandar ta kwanta a cinyarsa, bai ƙara dukan ƙasa ba.

"Kore," ya ce a hankali.

Wayyo Allah. Ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye wayar na ɗan fita.

Wata bakwai! Kowace safiya ita ke cicciɓo shi, ta zaunar da shi a wurin da zai fi gani da kyau, ta ce bari ya ji daɗi ya ga ana kula masa da abinsa. Sannan ta sauka a gaban idonsa ta zubar da abin da ya yi shekara uku yana haɗawa. Yana ihu da kalmar da ta rage masa, ita kuma tana ƙara sauri.

Afiniki ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka, irin na ƙaramar yarinya.

"Ka gafarta min. Ka gafarta min, maigida. Ni na kashe maka su da yunwa. Na ɗauka ina yi maka biyayya ne."

Hannunsa na hagu ya sauko a kan ɗankwalinta ya zauna.

Kubra ta juya baya tana share ido da mayafi. Can ta ce, "Tashi, ruwan fa har yanzu zuba yake."

Afiniki ta zabura. "In mun sa buhun yau, kwana nawa?"

"Kwana goma, ko sati biyu, ya fara kore."

"Kifin fa?"

Kubra ta dubi ruwan. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Wata huɗu. Ko biyar."

"Ista saura sati biyu."

"Na sani."

Ba su rufe baki ba suka ji takun mutane ta cikin rogo. Kaleb ne a gaba, dogo, da hular sanyinsa da ba ya cirewa ko ana zafin mutuwa. A bayansa maza biyu, ɗaya da diga, ɗaya da shebur.

"Matarmu, sannu da aiki."

"Yaya, sannu da zuwa. Ai... ai Ista ba ta yi ba."

"Ba ta yi ba. Amma kin ga hadari jiya? Ruwa zai sauka da wuri bana. In ban fasa yau ba ƙasa ba zai sha iska ba, shinkafa ya wuce mu." Sai idonsa ya sauka a kan Kubra. "Wannan mata fa? Me ya kawo shi nan?"

"Baƙuwata ce."

"Baƙuwarki? Ba ke kika zo gidana kina kuka, kika ce mutanen gidansa ne suka..."

"Ni na faɗa. Ƙarya na yi musu, Yaya, ban sani ba. A gabanta nake faɗa, Ubangiji ya yafe min." Ta haɗa hannu biyu. "Na gano abin da ya hana kifin girma. Laifina ne, ba na tafkin ba. Ka ba ni zuwa girbi."

Kaleb ya sauke numfashi. Kada ku zage shi, don Allah. Mutumin nan tun da ƙanensa ya kwanta, daga rumbunsa ake ɗiban abin da gidan ke ci, kuma bai taɓa goranta musu ba.

"Matarmu, wata bakwai ina kallo. Kifi kamar yatsa. Shinkafa ko ba komai za ku ci, Emilia ya koma makaranta da abinci a ciki. Ni ba mugunta nake yi ba."

"Wannan tafkin ne kaɗai ke sa shi ya yarda a fito da shi daga ɗaki. In ka fasa, me zai tashi ya kalla?"

"To shi mai abin ya faɗa mana." Kaleb ya sunkuya a gaban ƙanensa. "Meshak, ka ji ni? Me za a yi?"

Meshak ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya nuna ruwan, ya nuna buhun Kubra, ya nuna Kubra.

"Kore... kore!"

Kaleb ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"To kun ji da kunnenku. Ya ce a kore ruwan, a kore shi ma wannan mata. Madam, yi haƙuri, ɗauki kayanka ka tafi."

"Ba haka yake nufi ba!" Afiniki ta daka tsawa har masu diga suka ja baya. "Launi yake faɗa! Launin ganye! Ni ma haka na yi ta..."

"Yau kuma? Wata bakwai kore na nufin kore, yau da na zo da diga ya zama ganye?"

Ta ga magana ba za ta yi ba. Ta wawuri katakon nan, ta faɗa cikin tafkin da zaninta da komai, ruwa har ƙugu. Ta laluba bakin bututun, ta cusa katakon, ta danna da gwiwa. Shuuu ɗin ya tsaya.

"Maman Zamzam! Miƙo buhun!"

Kubra ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ja buhun da hannu biyu har gaɓa, ta tura. Ya faɗa ruwa, fanjam. Baƙin ruwa ya fara yaɗuwa a kewayen Afiniki, matar da ko ƙuda ba ya sauka a kwanonta. Ta rungume buhun a ƙirji ta tsaya.

"Sai dai ku fasa da ni a ciki."

"Ruwa ne zai fita, ba ke ba," in ji Kaleb, muryarsa duk ta gaji. Ya nuna gefen gaɓar da ke kusa da mangwaro, inda ta fi siriri. "Nan. Ku fara."

Mai diga ya tofa yawu a tafin hannu. Kowa idonsa na kan Afiniki a cikin ruwa, shi ya sa ba wanda ya ji ƙarar kujera.

Diga ta tashi sama, ta tsaya a can.

Meshak ne a gaban digar.

A tsaye.

Taku uku ne daga kujerar zuwa gaɓar, kuma Ubangiji kaɗai ya san yadda ya ja matacciyar ƙafar nan ya yi su. Ya dafa sanda da hannun hagu, jikinsa duk yana kaɗawa, ruwa a bayansa, daidai wurin da ya faɗi wata bakwai da suka wuce.

Kaleb ya cire hularsa bai san ya cire ba.

Leɓen Meshak ya yi ta motsi. Afiniki ta riƙe numfashi tana jiran kalmar nan da ta sani.

Ba ita ta fito ba.

"Ya...ya," in ji Meshak. "A'a."

Sai sandar ta zame.